Littafin Godiya: Yadda Kirista Zai Buɗe Shi, Ya Kuma Riƙe Shi

A tambayi mutum yaya aiki, ya ce sai godiya. Yaya iyali, mun gode Allah. Yaya jiki, da sauƙi, an gode wa Ubangiji. Kafin faɗuwar rana wani ya ambaci godiya sau ashirin, amma da za a tare shi a ce to, lissafa mana abu uku da suka faru yau waɗanda kake godiya dominsu, sai ka ga yana sosa ƙeya. Ba laifinsa ba ne, gaisuwa ce ta gaji haka: baki yana faɗa, zuciya tana can wajen kuɗin makaranta da na haya. Littafin godiya hanya ce ta mayar wa kalmar nauyinta. Ka zauna da biro, ka rubuta abin da ya faru, da ranar da ya faru, da wanda Allah ya yi amfani da shi.

Ajiye shaidar alheri a inda ido zai riƙa gani tsohon abu ne a Littafi Mai Tsarki. Da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗebo duwatsu goma sha biyu daga tsakiyar kogin aka kafa a Gilgal, don in 'ya'ya sun tambaya gobe a sami abin nuna musu (Joshuwa 4). Sama'ila ya kafa dutse guda ya sa masa suna Ebenezer, domin har zuwa nan Ubangiji ya taimake su (1 Sama'ila 7:12). A Zabura 103:2 kuwa Dawuda ransa yake yi wa gargaɗi kada ya manta da alheran Ubangiji. Duka ukun abu ɗaya suke tsoro, wato mantuwa. Haka zuciyar ɗan'adam take: baƙar magana ɗaya da aka yaɓa maka a tasha za ta kwana da kai, amma mutum biyar da suka yi maka kirki a ranar ba za ka tuna ko ɗaya ba. Shi ya sa a ƙarni na 16 Ignatiyus na Loyola, wani limamin Katolika, da yake koya wa mutane yadda za su binciki yininsu a gaban Allah, ya sa godiya ta zama matakin farko, kafin a kai ga tuna zunubi.

Abin da masu bincike suka gani, da iyakarsa

A shekarar 2003 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun raba ɗalibai gida uku. Wasu suna rubuta abubuwa har biyar da suke godiya dominsu sau ɗaya a mako, wasu suna rubuta abubuwan da suka dame su, sauran kuma abin da ya faru kawai. Bayan kimanin mako goma, masu rubuta godiya sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun fi sa rai da alheri a makon gaba, kuma ƙorafin ciwon jiki ya fi ƙaranci a wajensu. Sun sake gwadawa da manya masu fama da cutar jijiya da tsoka na kwana 21, aka ga barcinsu ya gyaru. A 2005 wani masanin, Martin Seligman, da abokan aikinsa sun sa mutane rubuta abu uku masu kyau kowane dare na mako guda, tare da dalilin faruwar kowanne, kuma an ci gaba da ganin amfanin har bayan wata shida.

Amma kada a zuzuta abin fiye da kima. A 2020 wasu masana a Jami'ar Jihar Ohayo sun tattara bincike 27 wuri guda, suka tarar cewa tasirin atisayen godiya a kan ciwon damuwa da fargaba ɗan kaɗan ne. Ma'ana, yana taimaka wa mai gajiyar zuciya da mai yawan tunani, amma ba ya maye gurbin likita ga wanda ciwo ya kama.

Kayan aiki

Littafin rubutu na 'yan makaranta mai warƙa 60 ya isa shekara guda. Shafi 120 ke nan, kuma lissafin zai fito a ƙasa. Idan da hali a sayi mai bango mai tauri, domin mai laushi yakan yage kafin wata shida. Biro shuɗi ko baƙi na rubutu, ja guda ɗaya na bita. Fensir yana dushewa, kada a yi da shi. A sami leda mai kauri a riƙa sa littafin ciki saboda danshin damina da gara.

Littafin ya zama nasa daban. Wanda ya haɗa shi da na rubuta wa'azin Lahadi ko na lissafin bashin shago, duk ranar da ya buɗe idonsa kan bashin zai fara sauka.

Rubutu a waya yana yiwuwa, sai dai da wuya ya ɗore. Ka ɗauko ta don godiya, saƙon WhatsApp ya shigo, sai ga ka ƙarfe sha ɗaya kana kallon bidiyo. Ranar da wayar ta ɓace ko ta lalace kuwa, shaidar shekara guda ta tafi.

Harshe kuma, ka rubuta da wanda kake addu'a da shi idan kana kai kaɗai. Da yawa daga masu sujada da Hausa suna da harshen gida, ko Birom ne, ko Ngas, ko Bura, ko Tangale, ko Margi. In da shi zuciyarka take magana, yi da shi, ko da ba ka iya ƙa'idar rubutunsa ba. Ba malamin da zai duba.

Yadda ake cika shafi

Zama ɗaya, shafi ɗaya, minti goma zuwa sha biyar. A sama ka rubuta rana da kwanan wata cikakke har da shekara. Kusa da shi ka sa lamba daga 1 zuwa 5 da ke nuna yadda zuciyarka take a daren: 1 ta yi nauyi ƙwarai, 5 tana sake. Kada ka tsaya dogon tunani a kanta, wadda ta fara zuwa ita ce. Wannan lambar za ta yi maka aiki nan gaba.

Kafin ka fara, yi shiru na minti ɗaya, ka roƙi Ubangiji ya tuna maka. Sai ka bi kwanakin da suka wuce daki-daki, tun daga tashi barci: wa ka gani, me ka ci, ina ka je, wa ya kira ka.

Sannan ka rubuta abu uku. Kowannensu ya amsa tambaya uku: me ya faru, ta hannun wa, me ya sa ya yi maka amfani. A nan ne yawancin mutane suke kuskure, don haka bari mu daɗe a kai. Wanda ya rubuta "Na gode don rai da lafiya da iyali" bai yi ƙarya ba, amma gobe abin da zai sake rubutawa ke nan, jibi ma haka, kuma kafin mako biyu hannu ne kawai yake aiki. Dubi bambanci da wannan:

"Ya Uba, na gode don maƙwabciyata da ta riƙe mini yara yau daga ƙarfe goma zuwa biyu har na kai Mama asibiti. Da ba ta karɓe su ba da na rasa layin likita."

Ko wannan:

"Na gode ruwa ya sauka daren Talata bayan kwana goma sha ɗaya. Masarar ta fara nannaɗe ganye, ni kuma na fara kasa barci."

Na farkon gaisuwa ce, waɗannan biyun kuwa shaida ne, suna da lokaci da fuska. Bayan shekara in ka karanta, ranar za ta dawo maka. Ka lura kuma da cewa an rubuta su ne ana magana da Allah kai tsaye. Wannan ne ya raba littafin Kirista da jerin abubuwan jin daɗi: akwai Wanda ake gode wa. A cikin kutare goman nan na Luka 17, duka sun ji daɗin warkewa, ba shakka, amma guda ɗaya ne, Basamariye, ya juyo ya zo gaban wanda ya warkar da shi.

Abu ɗaya da aka rubuta da layi biyar ya fi abu goma da aka jera da kalma ɗaiɗai. Kuma a cikin ukun, a yi ƙoƙari aƙalla ɗaya ya shafi mutum. Kaya suna saurin zama jiki, sabuwar waya mako biyu ne ta zama tsohuwa, amma kirkin mutum yana daɗewa yana taɓa zuciya. Kada a raina ƙanana: an kawo wuta daidai lokacin guga, mai adaidaita ya dawo da canjin da ka manta, yaro ya ci abinci bayan kwana biyu yana zazzaɓi. Idan ka ga kana maimaita abu ɗaya, kamar mijinki ko matarka ko aikinka, sa wa kanka doka: ba za a sake ambatarsa ba sai da sabon dalili.

Dabara ɗaya mai amfani ranar da kai ya toshe ita ce ka ɗauki wani alheri da ka saba da shi, ka tambayi kanka yadda rayuwa za ta kasance da babu shi. Rijiyar da ke bayan gida, alal misali: da babu ita, jarka nawa za a saya a mako, wa zai ɗauko? Rubuta amsar, godiyar za ta zo da kanta.

Wannan duka ya ci kashi biyu bisa uku na shafin. Ja layi. A ƙarƙashinsa rubuta nauyin da ke zuciyarka, yadda yake, ba kwaskwarima, sannan roƙonka a kansa. Filibiyawa 4:6 ta haɗa su ne wuri ɗaya, roƙo tare da godiya, kuma Bulus yana tsare a kurkuku ya rubuta ta. Layi na ƙarshe kuma, sunan mutum guda da za ka gode wa baki da baki kafin zama na gaba. Yaba kyauta tukuici. Kira shi, ko ka taka ka je, ka faɗa masa takamaiman abin da ya yi. Sau da yawa wannan layin ya fi duk sauran shafin gyara zuciya, domin yana fitar da mai damuwa daga ɗaki.

Sau nawa

Makon farko a yi kowane dare, don hannu ya saba. Daga nan a koma sau biyu a mako, misali daren Laraba da daren Lahadi. Shafi 7 na makon farko da 102 na sauran makonni 51 sun kama 109, saura 11 na bita a ƙarshen littafin.

Wani zai ce ai kullum ya fi lada. Godiya a addu'a kam kullum ce. Amma rubutu in ya yi yawa yakan zama aikin gida. Wata masaniyar halayyar ɗan'adam, Sonja Lyubomirsky, da abokan aikinta sun gwada haka na mako shida: masu lissafa alheri sau ɗaya a mako sun ga canji, masu yi sau uku ba su gani ba. Saboda haka in ka ji sau biyun ma ya fara zama dole, rage zuwa ɗaya.

A ɗaura shi a jikin abin da aka riga aka saba, kamar bayan sujadar iyali ta dare, kafin a taɓa waya. Ga mai aikin dare ko mai jego, da safe ma ya yi. Idan an tsallake mako biyu ko wata guda, kada a zauna cike gurbi, kada kuma a buɗe da neman gafara. A rubuta kwanan watan yau a ci gaba. Littattafai da yawa a nan suke mutuwa, mutum yana jin kunyar buɗewa saboda ya daɗe bai buɗe ba.

Inda abin yake lalacewa

Akwai godiyar Bafarisiye, wanda ya tsaya a Haikali yana gode wa Allah don bai zama kamar sauran mutane ba (Luka 18:11). A littafi takan fito da kamar tawali'u: "Na gode yarana ba su lalace kamar na wane ba." Duk jimlar da sai an taka wani kafin ta tsaya, a soke ta.

Akwai godiyar ciniki, inda mutum yake rubutawa don ya ji an ce mai godiya ake ƙara wa. Wata uku ba ƙarin albashi, sai ya jefar da littafin, har ya yi fushi da Allah. Alamarta ita ce shafukan duk kuɗi ne da kaya.

Mafi haɗari ita ce godiyar da ake rufe ciwo da ita. Wanda aka yi wa rasuwa, ko aka kore shi daga ƙauyensu yana zaman gudun hijira, ko aka ƙone masa gona, idan aka miƙa masa littafi aka ce lissafa albarkunka, an ɗora masa laifi a kan baƙin ciki. Zai ce a ransa, ga shi ko godiya na kasa, ashe bangaskiyata ma ba ta da ƙarfi. Littafi Mai Tsarki bai yi wa masu makoki haka ba. Kusan kashi ɗaya bisa uku na Zabura kuka ne, kuma Zabura 88 a cikin duhu ta ƙare, ba a juya ta zuwa yabo ba, aka kuma bar ta a Littafin. 1 Tasalonikawa 5:18 cewa ta yi a yi godiya a cikin kowane hali. Wani zai kawo Afisawa 5:20 mai cewa saboda kowane abu, kuma ayar tana nan. Sai dai Bulus ɗin ne dai ya ce a yi kuka tare da masu kuka (Romawa 12:15), Yesu kansa kuma ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru. Ba a bukatar ka rubuta cewa ka gode don an kashe ɗan'uwanka. A irin wannan lokaci a juya tsarin shafin: kuka ya ɗauki kashi biyu bisa uku ko fiye, godiya layi ɗaya, ko da "wani ya kawo mana ruwa yau" ne. Ranar da layin ya gagara, a bar wurin fari. Habakuk 3:17-18 ya dace da irin waɗannan kwanaki, domin annabin sai da ya lissafa duk abin da babu, ba 'ya'yan itace, ba amfanin gona, ba dabba a garke, kafin ya ambaci farin ciki.

Haka nan macen da ake duka a gida, ko ma'aikacin da ake danne wa haƙƙi. Littafin godiya ba dalilin yin shiru ba ne. A rubuta abin a ƙarƙashin layi, sannan a kai maganar gaban wanda zai iya tsayawa a kai, dattawan ikilisiya ne, dangi ne, ko hukuma.

Sai maganar sirri. A gidan yawa littafi ba ya ɓuya, kuma da zarar mutum ya san za a karanta, zai fara rubuta abin da zai yi daɗin ji. A sa harafin farko a maimakon cikakken suna, a ajiye littafin a akwati mai makulli, miji da mata kuma su yi alkawari tun farko cewa ba mai buɗe na wani.

Lokacin da littafi bai isa ba

Ga amfanin lambar nan ta saman shafi. Idan zama huɗu a jere, wato mako biyu, 1 ko 2 kake sawa, kuma abubuwan da ka saba jin daɗinsu sun fita ranka, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, jiki ba ƙarfi, kana jin ba ka da wani amfani, to lokacin ganin likita ya yi. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ana kuma maganinsa. A fara da asibiti mafi kusa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Jos su ma suna da sashen. A tafi da littafin, domin lambobin da kwanan wata za su taimaka wajen amsa tambayar "tun yaushe?" Wanda tunanin kashe kansa ya zo masa kuwa, kada ya jira mako biyu. Ya faɗa wa wani a ranar, a raka shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai. Wanda yake shan magani kada ya daina don ya ji sauƙi bayan ya fara rubutu, sai likita ya ce.

Fastoci da shugabannin zumunta su lura da 1 Sarakuna 19. Da Iliya ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azin godiya ba. Abinci da ruwa ya ba shi har sau biyu, ya bar shi ya yi barci.

Ga wanda bai iya rubutu ba, da iyali

Tsohuwa da ba ta yi boko ba tana iya faɗa jika ya rubuta, ko ta naɗi muryarta a waya. Akwai kuma hanyar Joshuwa: gwangwani da tsakuwa. Duk alherin da aka ambata da baki a jefa tsakuwa ɗaya, ƙarshen wata a zazzage a ga nawa za a iya tunawa. Yara suna son wannan. A sujadar iyali kowa ya faɗi abu ɗaya, a fara daga ƙarami don kada ya kwaikwayi na manya, kuma kada a gyara masa. In ya ce ya gode don an soya ƙwai, a rubuta haka. A zumuntar mata ko ta matasa ana iya ware minti goma, mai so ya karanta layi ɗaya, amma ba tilas, kada kuma ya koma gasar wa Allah ya fi yi wa.

Bita

Lahadin ƙarshe na kowane wata a ɗauki jan biro, a ba shi minti ashirin. A ja layi a ƙarƙashin sunayen da suka yi ta dawowa, domin su ne mutanen da Allah ya kewaye ka da su, kuma sau da yawa ba waɗanda ka zata ba ne. A koma kan roƙe-roƙen ƙasan shafi: wanda aka amsa, a rubuta kwanan watan amsar a gefensa, wanda ya canja kama a rubuta yadda ya canja, wanda yake nan a bar shi. A duba lambobin kuma, ko akwai ranar mako ko wani lokaci na wata da suke faɗuwa, kamar gab da biyan haya. A shafukan bayan nan 11 a taƙaita kowane wata da layi biyar zuwa takwas, wata biyu a shafi guda, shafi 6 ke nan. Ragowar biyar na bitar shekara ne, wadda ta fi dacewa da lokacin godiyar kaka ko daren 31 ga Disamba kafin a tafi sujada. Mai son ba da shaida a gaban jama'a daga nan zai ɗauko ta, da ranarta da watanta.

Idan littafi ya cika, a rubuta ranar farawa da ranar gamawa a bango, a naɗe shi a leda, a ajiye tare da takardun makaranta da na fili. Roƙe-roƙen da ba a kai ga amsarsu ba a kwafe su a shafin farko na sabon littafi, kowanne da kwanan watan da aka fara rubuta shi.